Waƙar Gwaggo Saratu Tana Cikin Faifan da Manhajarku Ta Ƙi Buɗewa

Zuwa ga Shugaban kamfanin da ya ƙera manhajar ajiya ta gida, da wakilinsa na Kaduna.

Ranka ya daɗe, ina gaisuwa, da fatan kana lafiya kai da ma'aikatanka. Sunana Rahila, ni malamar kwamfuta ce mai ritaya a Kafanchan, kuma ni ce magatakardar zumuntar mata ta ikilisiyarmu. Ban ambaci sunan kamfaninku ba domin ba ɓatanci ya fito da ni ba. Sau huɗu na rubuta muku ta shafinku, sau huɗu na'ura ta amsa cewa an karɓi saƙona. Shi ya sa na fito fili.

Gwaggo Saratu yayar mahaifina ce, ita ke ba da waƙa a zumunta tun ina yarinya. Ba ta yi boko ba, ba a taɓa rubuta waƙarta ko ɗaya ba. Ita ke ƙagowa da yarenmu, mata su amsa da tulu da caki. Da na ga tsufa ya fara cin ƙarfinta, sai na ɗauko tsohuwar kwamfutata na sa mata manhajarku, na haɗa ta da akwati mai faifan ajiya biyu, ta zama rumbun ajiya a falona. Shekara uku ina zuwa ƙauyenmu kusa da Godogodo ina ɗaukar muryarta.

Bara bayan an haƙe citta, ta ce in kunna mata waya ta ɗauki muryarta, ni kuma in fita waje. Ta rera waƙar da take so a binne ta da ita. Ta sa na yi alkawari ba wanda zai ji, har ni, sai bayan ranta, domin a wurinta rera wa mai rai waƙar jana'izarsa kiran mutuwa ne. Na cika alkawari. Na mayar da waƙar cikin rumbun, na goge ta daga waya don kada jikoki su danna. Wannan kuskurena ne, ban ɓoye ba. Amma da ku na dogara na goge.

Gwaggo ta rasu Litinin ta makon jiya. Tana mutuware, jana'iza Asabar mai zuwa. Na je ɗauko waƙar, rumbun ya ƙi buɗewa. Ga ƙorafina.

Na ɗaya. Tallarku ta ce kowace tsohuwar kwamfuta za ta yi. Ba ku ce ba kowane akwatin faifai ne zai yi ba. Nawa a Sabon Tasha ta Kaduna na saya, na gwanjo, don shi ake samu. Sai yanzu na gano kuna da jerin kayan da manhajarku ta yarda da su, a can ƙasan wani shafi da ba mai zuwa, kuma ba ko ɗaya a ciki da na taɓa gani a shago daga nan har Kaduna. Da na kai kuka zauren masu amfani da manhajarku na intanet, wani ya ce nasa bai taɓa ba shi matsala ba, wani ya ce wa ya aike ni sayen gwanjo. Wanda bai san yadda ake ɗauke mana wuta ba, da sauƙi ya yi wa'azi.

Na biyu, kuma shi ya fi ƙona mini rai. Faifai biyu na sa domin ɗaya ya riƙa kwafar ɗaya. Ashe na biyun ya daina kwafa tun daminar bara, wata uku kafin Gwaggo ta rera waƙar. Akwatin ba ya isar wa manhajarku labarin lafiyar faifai, ita kuma maimakon ta ce ba ta sani ba, sai ta riƙa nuna mini alamar kore, wato komai lafiya. Kowace Lahadi bayan sujada nakan duba, in ga kore, in gode wa Allah. Shekara guda ina godiya a kan ƙarya.

Na uku. Manhajarku ta fara sabunta kanta ba tare da ta tambaye ni ba. Ana tsaka da haka aka ɗauke wuta, ga hadari ya hana sola caji kwana uku. Da wuta ta dawo, sabuwar ba ta gane faifan farko ba. Abin da take tambaya kawai shi ne ko in goge shi in fara daga farko.

Oga Emeka mai gyara, wanda iyayensa suka yi aikin jirgin ƙasa a nan, ya duba. Ya ce yana zaton kayan suna ciki, amma manhajarku kaɗai ke iya karanta tsarin, kuma faifan ya fara ƙara, kowace kunnawa tana iya zama ta ƙarshe. Na naɗe shi a zani na ajiye.

Roƙona kaɗan ne, ranka ya daɗe. Ku haɗa ni da mutum mai rai, injiniya, ya gaya wa Emeka abin da zai yi a wannan kunnawa ɗaya da ta rage. Ku ba mu tsohuwar manhajar da ta san faifan. Bayan haka, ku daina nuna kore a kan abin da ba ku gani ba, ku riƙa neman izini kafin sabuntawa.

Ranar Alhamis da yamma matan zumunta za su zo gidana da tulunansu domin su koyi waƙar, kwana biyu ke nan kafin jana'iza. Ban gaya musu ba tukuna, na rasa ta inda zan fara. Idan ba ku amsa ba, zan tsaya gabansu in ce mutum ɗaya ce a duniya ta taɓa jin waƙar nan, kuma ita za mu binne ranar Asabar.

Ubangiji ya ba ka hikima, ya tsare iyalinka, kada ya nuna maka ranar da za ka nemi muryar naka ka rasa. Salamarsa ta kasance tare da ku.

Wassalam.

Malama Rahila,
Kafanchan.