Taya Ni Take Yi

Yaya,

Bayan gaisuwa da fatan kina lafiya, ke da mutanen shago. Jaririya kalau take. Ni ce dai ɗinkin da likita ya yi mini har yanzu bai bar ni na zauna daidai ba.

Jiya na ja jiki na je ofishin ƙwadago in ji abin da ya riƙe albashin hutun haihuwata, tunda doka ta ce mai shago ke biya. Jami'in ya ce ai ni ba ma'aikaciya ba ce. Wai da ya zo shagon ɗinkinki kin ce masa, "Wannan ƙanwata ce, taya ni take yi."

Taya ki, Yaya? Wa ke buɗe shagon nan kullum? Keken bakin taga, ƙafar wa ta siɗe masa fenti? Ranar da naƙuda ta taso mini hannun riga nake haɗawa, kika ce in daure in ƙarasa ɗayan. In na makara ki yanke mini albashi kamar kowa, a lokacin ba kya tuna ciki ɗaya muka fito. Wallahi raina ya ɓaci.

Ki gaida yara.
Ƙanwarki, Auta

Auta,

Ina amsa gaisuwarki. Allah Ya raya, Ya ƙara sauƙi.

Na faɗa, ba zan musa ba. Amma ki kai fushinki inda ya dace. Waɗanda suka yi dokar nan kyauta suka yi da aljihuna, aka tafa musu, suka shige motocinsu. Ko sisin gwamnati babu a ciki. In biya ki kina gida, in biya wanda zai hau kekenki, ga haya, ga wuta. Matar Gajere mai yi mana yankan yadi ma ta kusa sauka, kuma dokar ta ba maza nasu hutun. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Harajin da suke karɓa a wurina, na mene ne?

Zuwanki ofis ya tono magana. Jami'in zai zo gidanki ya ji daga bakinki. In kika ce ke ma'aikaciya ce, tarar da za su ɗora mini za ta rufe shagon. Ki tuna da Mai Guga, wadda gugar kayan shagon nan ke ci da ita da marayunta.

Na bar ki lafiya.
Yayarki

Yaya,

Ina gaisuwa, don an koya mini.

Duk abin da kika faɗa a kan gwamnati gaskiya ne, ni ma na tsine wa dokar da ke haɗa talaka da talaka faɗa. Amma da kin zo kin zauna a bakin gadona kin ce, "Auta, babu," da na ce mu raba asarar. Sai kika soke ni a gaban baƙo, yanzu kuma kin ɗoro mini marayun Mai Guga a wuya in ɗauka tare da jaririyata. Na ma ji wani tuzuru kika ɗora a kekena, wanda ba zai nemi hutun haihuwa ba. Kin iya zaɓe!

A huta lafiya.
Auta

Auta,

Ina gaishe ki. Kin ji ni shiru, kunya ce. Jami'in ya zo? Don girman Allah me kika ce masa?

Yayarki

Hajiya mai shago,

Barka da aiki. Ya zo. Ya tambaye ni ko ni ma'aikaciyarki ce, na ce a'a. Shagonki ya tsira, ki faɗa wa Mai Guga ta kwantar da hankalinta.

Bai tambaye ni ko ni ƙanwarki ce ba. Da ya tambaya, amsar ɗaya ce.

A aiko mini da almakashina.
Maman jaririya