Adireshin Mama

Yaya Lavonne,

Gaisuwa mai yawa, da fatan ke da yara kuna lafiya.

Hukumar jiha ta hana Nas Odessa izinin buɗe wurin wankin ƙoda a garinmu. Wai babu buƙata, masu ciwon huɗu ne kacal a gundumarmu. Asibitin birni ma ya turo lauya ya faɗi haka.

Shekara biyu ina kai Mama wankin ƙoda a birni, mil saba'in, sau uku a mako, ina zaune a ɗakin jira ina kallon ƙafafun mutane. Jar lakar garinmu na ƙirga a takalman mutum goma sha biyar. Na bi su ɗaya bayan ɗaya. Ashe yawancinsu adireshin 'ya'yansu na birni suka rubuta don a ba su kujerar wankin safe, wadda sai 'yan birni ake ba. Har da Mama, adireshinki ne a takardarta. A takarda, mu lafiyarmu ƙalau.

Jiya a mota ta ce, "Dontrell, ran Juma'a ka bar ni in kwanta, hanyar nan ta ishe ni." Na ce idan ba a wanke ba fa? Ta ce, "Kai dai tuƙi ka iya."

Ran sha tara 'yan majalisa za su saurari jama'a kan sassauta dokar ba da izinin nan. Ki taimaka ki mayar da adireshinta gida kafin nan.

Ƙaninki,
Dontrell

Auta,

Muna lafiya. Ka san abin da kake nema kuwa? Ranar da aka canza, kujerar safe ta tafi, sai ta yamma. Majalisa ba ta san sauri ba, ko sun yarda gini sai shekara. Uwarmu ce, ba hujjar kai wa majalisa ba.

Ka gaishe ta.
Lavonne

Yaya,

Ina gaisuwa. Na karanta mata wasiƙarki. Ta ce, "A garin nan na binne ubanku, yanzu takarda ta ce ba na nan? Gaya wa sarkin tsoron nan ta mayar da ni gida." Ran Juma'a ta riga ni shiga mota.

Mutum shida sun ce za su canza idan Mama ta fara. Sauran suna tsoro, ban ga laifinsu ba. Ni ma ina ji.

Sai na ji daga gare ki,
Dontrell

Auta,

Na canza yau. Ƙarfe huɗu na yamma suka ba ta, daga Litinin. Ka gyara fitilar motar nan taka. Tuƙin Laraba ni zan yi.

Allah ya tsare hanya,
Yayarka