Zanen Fuskar Sumana

Da sunan Allah. Ni Hawa 'yar Maman, ta unguwar Banifandu a Yamai, na rubuta wannan da hannuna a watan Afrilu na 1985. Ciwo ya ci jikina, amma hankalina yana nan daram. Kada wani ya ce zafin ciwo ne ya sa ni.

Hamisu, Mariyama, Hasan:

1. Gida da shagon hoto na Zongo ku raba yadda addini ya tsara. Amma muddin kuna aiki tare, Mariyama ce kaɗai za ta taɓa maɓallin filashi, wato fitilar ɗaukar hoto. Hamisu, kai ne babba, na sani. Karanta har ƙarshe kafin ka yi fushi.

2. Maɓallin nan mataki uku gare shi: cikakken ƙarfi, rabi, rubu'i. Cikakke na taron biki ne, mutum ashirin daga nesa. Mutum ɗaya a kan kujera, mita biyu daga fitila, rubu'i ya ishe shi. Haka mahaifinku ya koya mini, haka na riƙe shekara goma sha ɗaya bayansa. Kai kuwa, Hamisu, sai ka murɗa shi har ƙarshe, don mutane su fito farare tas su yaba ka. Wannan ƙarya ce, ko da da haske aka yi ta.

3. Bara, da fari ya koro mutanen karkara, wani manomi mai suna Sumana ya zo hoton katin dantite, wato katin shaida. Yana da zane a kunci, kowa da shi yake gane shi. Kai ka ɗauke shi. Haske ya cinye zanen, fuska ta fito sumul kamar kwano. A shingen bakin gari sojoji suka dubi kati, suka dubi mutum, suka ce ba nasa ba ne. Wata bakwai ke nan yana tsare.

4. Matarsa Zainabu tana zuwa shago duk Juma'a, goye da ɗa. Na ba ta gero, na ba ta zani, ban ba ta gaskiya ba. Na ce mata aikinmu ba shi da aibi, don ina tsoron a zo a tafi da ɗana. Ni da nake dukanku a kan ƙaryar sukari guda! Wannan ne ke hana ni sakewa a kan sallaya, ba ciwo ba.

5. Baƙin fim ɗin hoton yana cikin ambulan, ƙarƙashin littafin Faransancina na kwaleji. Na ɗaga shi a rana, zanen yana nan, dishi-dishi. Ina so Mariyama ta sake wanke hoton da duhu sosai har zanen ya fito. Sannan Hamisu ya kai tsohon hoto da sabo inda ake tsare da mutumin, ya faɗa da bakinsa cewa hannunsa ne ya yi kuskure. Ban san abin da za su yi maka ba, ɗana, kuma ba zan ce maka babu komai ba.

Kada ku jira sadakar arba'in ɗina. Kada kuma ku bar Hamisu ya tafi shi kaɗai: Hasan a damansa, Mariyama a hagunsa, Zainabu a gaba. Wanda ya zauna a gida ranar nan bai riƙe zumuncina ba.

Allah ya yi muku albarka, ya haɗa kanku, ya saukar mana da ruwa. Na yafe muku duka. Ni kuwa, ku roƙa mini Zainabu.