Tsamiyar Inna da Cinnakunta

Kore Mairuwa, daren Talata, farkon damina

Barci ya ƙi zuwa. Ƙanena Idi ya zo daga Dogon Dutsi, ya rantse gobe da safe zai kawo mai gatari ya sare tsamiyar da marigayiya Inna ta dasa. Wai tsofaffin unguwa suna zuba mata gumba, suna cewa cinnakun da ke kogonta bayin doguwa ne.

"Yaya, shirka ce a tsakar gidanmu," in ji shi.

Na ce, "Idi, ka taɓa durƙusawa ka dube su? Ba gumba ke gabansu ba. Baki buɗe suke yawo kamar tarko, gara na giftawa sai ƙas! Rumbunmu yana gindin itacen nan, gara ba ta taɓa cin shi ba. Naka fa, sau nawa ya faɗi?"

Ya yi dariya: "Ke da bokonki!"

Tsofaffin ma haushinsu nake ji, su suka ja wa tsamiyar wannan. In ta faɗi, hatsin da ya rage mana har kaka na gara ne.

Na kawo tabarmata gindinta. Cinnakun sun cije ni sau uku. Su ciza. Gobe mai gatari zai iske mu tare, baki buɗe.