Ina Cin Abincin 'Yata a Ɓoye

Malama mai filin shawara,

Don Allah ki taimake ni, kuma ki yi haƙuri da rubutuna. Da kaina na yi shi, da manyan baƙaƙe, cikin kwana uku, domin idona ba ya ɗaukar ƙananan rubutu yanzu. Ban ba kowa ya rubuta mini ba, saboda abin da ke ciki ko mai ɗakina ban faɗa wa ba.

Ni tsohon direba ne. Shekara talatin da ɗaya na yi ina jan babbar mota, kuma bayan sitiyari babu abin da na sani kamar wurin cin abinci a garin da ba nawa ba. Abokan aiki ni suke tambaya. Nakan ce musu kada su kula da girman allon da ke ƙofa, su duba ruwan wanke hannu: idan ana sauya shi, to tukunya ma ana wanke ta. Su duba ko ma'aikatan unguwar a nan suke ci, don matafiyi ana iya cutarsa sau ɗaya, amma ba a cutar mai dawowa gobe. Sannan su lura ko mai abincin tana ci daga tukunyar da take sayarwa.

Duk wannan na koya wa autata tun tana ƙarama. Idan an yi hutun makaranta nakan ɗauke ta gajeruwar tafiya, ta zauna gefena ƙafafunta ba sa taɓa ƙasa, tana lissafa gadoji. Kwandasta nake ce mata, har sunan ya bi ta. Idan mun tsaya cin abinci ita ke fara zuwa ta leƙa ruwan wanke hannu, ta dawo ta ba ni rahoto da fuska a murtuke kamar babbar jami'a.

Yarinyar nan ta yi karatu, Malama. Ta samu aiki a ofis mai sanyi a babban birni, ina ta cika baki a tasha. Bayan shekara uku ta zo gida ta ce ta ajiye aikin, gidan abinci za ta buɗe. Ina son ki fahimce ni kafin ki yanke mini hukunci. Ni na san yadda maza ke yi wa mai sayar da abinci magana, na ji da kunnena shekara talatin. Na ga an buga wa mace tebur saboda nama ya yi tauri, na ga an kira sa'ar uwar mutum da “ke”. Ni kaina, Allah ya yafe mini, na sha yin tsawa a kan shayin da ya huce. Sai na ga 'yata a tsaye gaban irinmu tana ba da haƙuri, raina ya ɓaci. Na ce mata ban ƙare ƙuruciyata a kan titi don ta riƙa kwashe kwanukan ƙarti ba. Na ce ƙafata ba za ta taɓa taka wurin ba, kuma kada ta kira ni sai ranar da hankalinta ya dawo. Ta tashi ta ɗauki jakarta ta fita. Shekara bakwai ke nan.

Tana magana da uwarta, na sani. Idan wayar ta shigo, mai ɗakina takan shige ɗakin baya ta rage murya, ni kuma in kishingiɗa a falo in rufe ido kamar mai barci, ina kasa kunne ko zan tsinci muryarta. Ko adireshin wurin ban yarda an faɗa mini ba.

Bara idona ya fara ciwo, aka tura ni babban asibitin ido da ke birnin da take, duk bayan wata biyu. Ni kaɗai nake zuwa, in kama motar safe in dawo da ta yamma. A zuwana na farko na fito da yunwa, na tambayi maigadin asibitin inda su ma'aikata suke ci. Ya kwatanta mini wani wuri a layi na biyu bayan kantin magani, ya ce ƙofar shuɗiya ce, allon ƙarami ne, in lura kada in wuce.

Ina shiga na ga an ajiye ruwan wanke hannu mai ɗumi, da tawul busasshe. Teburan guda tara ne, cike da masu jinya da makanikai da 'yan ɗinki. Na ce a raina, to, nan an san aiki. Wata dattijuwa mai kawo abinci ta ajiye mini shinkafa da miya. Loma ɗaya na yi na ajiye cokali, domin hannun mai ɗakina ne sak, har yadda take barin albasa ta soyu ta kusa ƙonewa. Ina cikin wannan sai na ji murya daga ƙaramar tagar kicin tana cewa a rage wuta, sannan aka yi dariya. Malama, ko cikin kasuwa na ji dariyar nan zan gane ta. Na hango mace da farin ɗankwali tana cin abinci a tsaye, amma daga nesa fuska inuwa ce kawai a wurina. Na biya na fita da sauri, har na yi tuntuɓe a matattakalar ƙofa, saura kaɗan in kife.

Na ce ba zan koma ba. Bayan wata biyu ƙafar nan da na yi alkawari da ita ta kai ni da kanta. Yanzu sau biyar ke nan, har da zuwan farko. Nakan sa baƙin tabarau na asibiti, in ja hula, in juya wa kicin baya, in yi magana ƙasa-ƙasa don kada a gane ni. Ina da sa'a, teburin da ke bakin taga, inda haske ya fi yawa, kullum nakan same shi ba kowa ko da wurin ya cika.

Gaskiya yarinyar ta iya riƙon wuri. Babu mai ɗaga murya a can. Wani ya taɓa gwadawa, dattijuwar nan ta kalle shi sau ɗaya ya shiga taitayinsa. Matattakalar da na yi tuntuɓe ma, da na koma na tarar an shafa wa bakinta farin fenti, an kafa ƙarfen dafawa. Abu ɗaya na lura, tun daga zuwa na biyu gishirin ya ragu sosai. Na so in yi ƙorafi irin na da, sai na tuna ni da hawan jini ma bai kamata in nema ba, kuma na ga na kusa da ni suna ci ba sa cewa komai.

Nakan ci a hankali don in daɗe. In sha shayi, in ƙara wani, ina sauraron muryarta a bayana tana ba da umarni. Ina kewar yarinyar nan, Malama, kewar da ban san namiji yana yi ba. Taku goma ne tsakanina da ita, na ƙirga, amma na kasa. Idan na shiga mota zan koma gida, nakan juya fuskata wajen gilashi don kada na kusa da ni ya ga abin da idona yake yi.

Abin da ya sa na rubuto shi ne, likita ya ce idon hagu ya tafi, na dama kuma yana tsukewa, ba ya iya ce mini ga iyakar lokacin da ya rage. Ya ce zuwan da zan yi wata mai kamawa shi ne na ƙarshe, za su mayar da ni asibitin kusa da gida. Ke nan hujjata ta zuwa birnin ta ƙare. Ina son in ga fuskar Kwandasta kusa da kusa tun ina iyawa. Amma magana zarar bunu ce, kuma ni na zare ta. Ina tsoron in bayyana kaina ta ce ba ta san ni ba a gaban mutane, ko ta ce sai da na makance na tuna da ita. In na yi shiru aƙalla ina da abincin da muryar sau ɗaya kuma. In je in ci in fita kamar kullum, ko in yi magana? In zan yi, me uba yake cewa bayan shekara bakwai?

Naki,
Tsohon Direba

*

Baba Direba,

Na karanta wasiƙarka sau biyu, kuma na gode da amanar da ka ba ni. Ka yi mini afuwa, zan fara da abin da ka rubuta da hannunka amma ba ka karanta ba.

Kai ne idonka ke ciwo, Baba, nata lafiya lau. Yarinyar da ta girma tana kallon ƙeyarka da kafaɗarka a cikin mota, ita ka juya wa baya don kada ta gane ka? Ka yi tuntuɓe, aka shafa fenti aka kafa ƙarfe. Kana da hawan jini, gishiri ya ragu a kwanonka, na kusa da kai kuwa ba su yi ƙorafi ba domin nasu bai ragu ba. Tebur mai haske yana zama ba kowa a gidan abincin da ya cika da tsakar rana, kuma a ranar da kake zuwa. Kai da ka yi shekara talatin da ɗaya a irin waɗannan wurare, ka taɓa ganin wannan sa'ar? Ka tambayi kanka wa ya san ranakun asibitinka, sannan ka dubi mai shigewa ɗakin baya da waya. Ban ga zuciyar 'yarka ba, ba zan rantse ba, amma duk alamu sun nuna kai kaɗai ne ba ka san an gane ka ba.

Ba zan ce tsoronka na farko shirme ba ne. Ka ga wulaƙanci da idonka, ka so ka kare 'yarka daga gare shi, wannan soyayya ce. Inda ka kuskure shi ne ka rufe ƙofa maimakon ka tsaya mata a bakinta. Ka kuma manta cewa kai ka ɗora ta a kan wannan hanya: wurin nan da ka'idojinka aka gina shi, tun daga ruwan wanke hannu har cin da take yi daga tukunyarta. Ita ma tana da nata. Sau huɗu tana ganin mahaifinta da baƙin tabarau ba ta fito ba, barewa dai ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Amma ka tuna kai ka ce kada ta kira ka, kuma umarninka take bi har yau. Wanda ya sa sakata shi ke zare ta.

Ga abin da nake ganin za ka yi. Yau ɗin nan ka faɗa wa mai ɗakinka komai, har da maganar likita, ka jure dariyar da za ta yi maka kafin ta yi kuka. Ka tafi da ita, domin mai ido ɗaya bai kamata ya riƙa doguwar tafiya shi kaɗai ba. Kada ku je lokacin cunkoso, ku bari sai mutane sun ragu, don kada ka tsayar da ita gaban abokan cinikinta da ludayi a hannu. Ka cire tabarau, ka juya kujerarka ta fuskanci kicin, ka roƙi dattijuwar nan ta ce wa mai wurin mahaifinta yana son ganinta.

Ba sai ka shirya dogon jawabi ba. Ka ce ka yi kuskure, ka janye maganarka, kuma abincinta ya yi daɗi. Daga bakinka wannan ta ƙarshen ba ƙaramar magana ba ce, wataƙila ita take jira shekara bakwai. Kada ka fara da labarin ido, don kada tausayi ya tilasta mata yafiyar da ba ta shirya ba, amma kada ka bar wurin ba ka faɗa mata ba, haƙƙinta ne ta sani. Idan ta yi faɗa, ka saurara har ta gama, ka ci bashin wannan. Idan ta kasa magana ranar, kada ka ɗauka ƙi ne. Ka bar mata lambar wayarka, ka ce ƙofa a buɗe take.

Kuma kada ka jira wata mai kamawa in kana da halin zuwa wannan makon. Likita bai ba ka rana ba, uba kuma ba ya buƙatar takardar asibiti kafin ya je wurin 'yarsa. Ka ce taku goma ne tsakaninku. Ita ta riga ta gyara maka hanya, ta sa maka abin dafawa, ta ajiye maka wuri inda haske ya fi yawa. Ka je ka zauna a hasken nan, ka kira ta da sunan da kai ka raɗa mata, ka ce ta matso kusa.

Allah ya ba ka lafiya, ya riƙe maka abin da ya rage na ganinka, ya sa fuskar Kwandasta ta samu shiga tun da sauran haske.

Taka,
Mai filin shawara