Cokali Uku na Kunun Acha

Kafanchan, 4 ga Yuni

Yaya Keziya,

Gaisuwa cikin sunan Ubangijinmu. Ina fata kina lafiya, ke da yara da mutanen Zonkwa duka. Yaya ƙafar taki?

An yi wa Meshak aiki ranar Litinin. Taifot ce ta huda masa hanji, aka yanke wurin aka ɗinke. Likitarsa, Dokta Patricia, tana wani bincike: waɗansu a ba su abin sha washegarin aiki, waɗansu su jira kwana uku, don a gane wanne ya fi. Ta yi mana bayani, muka sa hannu. Ba ita ke zaɓa ba, ambulan ake buɗewa, na mijina kuwa ya ce jira.

Kin dai san Meshak da ciki, mutumin da ko azumin coci sai ya yi ta leƙen rana. Jiya leɓensa duk ya tsattsage, yana kallon na gadon kusa ana ba shi kunu. Yaya, na kasa daurewa. Na ja labule na ba shi cokali uku na kunun acha. Kada kowa ya ji.

Ƙanwarki,
Afiniki

8 ga Yuni

Yaya,

Ina gaishe ki, ina fata kowa lafiya. Mu kam sai addu'a.

Zazzaɓi ya rufe shi, cikin ya kumbura, an ce ɗinkin ya buɗe. Yau da safe aka mayar da shi tiyata. Kafin nan Dokta ta tambaye ni ko wani abu ya shiga bakinsa, na dube ta na ce babu. Ana gangara shi, ni ina bayan ɗaki ina wanke fulas ɗin kunun. Tsoro nake ji, Yaya. Idan ni na jawo masa fa?

Afiniki

27 ga Yuni

Yaya Keziya,

Na gode da zaman makokin Meshak, Allah ya saka. Ina fata kin isa gida lafiya. Ga abin da na kasa faɗa miki a gaban mutane.

Shekaranjiya na koma asibitin na gaya wa Dokta gaskiya, ina jiran ta kira ni mai kisa. Sai ta ja mini kujera. Ta ce ba za ta rantse ba, amma ba ta ga laifin kunun ba, domin ciwon ya riga ya cinye hanjin, kuma na gadon kusa da aka ba kunu tun washegarin aiki ya koma gonarsa. Ta ce abin da ke cutar da marasa lafiya masu zuwa nan gaba shi ne takardar bincike ta faɗi abin da ba a yi ba.

Daga nan ta nuna mini takardar Meshak. Cokali ukun suna ciki tun ranar takwas. Ashe a ƙofar tiyata ya riƙe hannunta ya ce shi ya ɗauki fulas ya sha da matarsa ta fita, ba ta sani ba, kada a yi mata faɗa.

Shekara ashirin da biyu ban taɓa kama mutumin nan da ƙarya ba, Yaya. Na roƙe ta ta gyara ta sa sunana, ta kuwa gyara.

Ki gaishe da yara. Ki sa ni a addu'a.

Ƙanwarki,
Afiniki Meshak