Allon Illo da Ba Wanda Ya Taɓa Dubawa

Zuwa ga Mai Girma Ansifekta, mai duba makarantun ƙauyukanmu na arewacin Adar, a Tawa.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da ban girma, ina fatan kana lafiya, kai da iyali da duk waɗanda ke aiki ƙarƙashinka. Allah ya ƙara maka haƙurin jama'a.

Ni manomi ne a wani ƙauye tsakanin Barmu da Afala. Ban taɓa zama a lakwal ba, wato makarantar boko. Wagga takarda kuwa da hannuna na rubuta ta, ba wanda ya kama mini alƙalami. Ka riƙe wanga batu, ranka ya daɗe, don shi ne rabin ƙarata.

Ina da ɗa, Illo. Ba ɗan fari ba ne, saboda haka ba na kunyar kama sunansa. Shekarar da aka zo ɗaukar yara, bayan samun mulkin kai, wasu sun ɓoye ɗiyansu cikin rumbu, wasu sun tura su daji wajen awaki. Ni na kamo nawa na miƙa, don an ce mana ƙasa ta zama tamu, tana bukatar masu karatu. Yau shekararsa ta huɗu ke nan. Makon jiya Darakta, shugaban lakwal ɗinmu, ya aiko mini cewa in aka tashi hutun damina kada Illo ya koma, wai an maimaita masa aji bai motsa ba, ba shi da kai.

Ban zo rigima ba. Abin da idona ya gani zan faɗa maka, kai kuma ka auna.

Na ɗaya, yawan yara.

Rani biyu ke nan ciwon ƙafa ya hana ni tafiya cin rani, sai na shiga karatun manya da ake yi da yamma. Mai koya mana shi ne dai Mushen su Illo, wato malamin ajinsu. Mu duka ba mu cika tabarma biyu ba. In na juya baƙi ya dubi baya, Mushe na tsaye bisa kaina, ya kama yatsuna ya gyara. Haka na koya, da furfurata da taurin hannuna na manomi.

Da Darakta ya aiko, na ce to, jini ɗaya, malami ɗaya, yaya uba ya gane ɗa ya kasa? Ruwa ba ya tsami banza. Na tashi da hantsi na je bayan ajinsu. Rumfar kara ce, mu muka kafa ta bayan girbi, na san inda muka bar kafa. Nan na sa ido.

Na fara ƙirga kawuna, na wuce tamanin, na gaji na bari. Na gaba suna bisa benci. Na tsakiya suna ƙasa, gwiwa na gugar gwiwa. Na baya kuwa sun jingina da kara, rabin jikinsu na cikin rana. Can na hango Illo.

Ka san yadda ake yi. Mushe ya faɗi kalma, kowa ya rubuta a allonsa, ya buga sanda a tebur, kowa ya ɗaga allo sama. Ya duba layi na ɗaya, na biyu, wataƙila na uku, ya sake buga sanda, a shafe. Ni da ke baya ina ganin abin da ɗana ke rubutawa kafin ya ɗaga. 'Yan zobba ne yake jerawa, ƙanana, a tsare, kamar kashin awaki. Ba baƙi ko ɗaya a ciki. Daga gaba, in ka hango, sai ka rantse rubutu ne. Na kusa da shi ma haka suke yi. An buga sanda, ya ɗaga allonsa da ƙarfi tare da kowa, an sake bugawa, ya shafe da gefen riga.

Wallahi ban ji haushinsa ba, tausayi na ji. Yaro bai yi rashin kunya ba, bai gudu ba, an ce ya ɗaga ya ɗaga. Shekara huɗu yana ɗagawa, ba idon da ya taɓa kai wa allon nan.

Ba na zargin Mushe. Mutumin kirki ne, muryarsa kullum a dushe take. Ido biyu gare shi kamar kowa. Na kuma san namu karatun da Hausa ne, nasu da Faransanci, akwai bambanci. Amma na kan benci ai Faransancin suke ji, kuma ba da shi aka haife su ba.

Na biyu, wa ke zama gaba, wa ke zama baya.

Al'adar lakwal ita ce bayan kowace jarrabawa a zaunar da yara bisa matsayinsu, na ɗaya kusa da Mushe, na ƙarshe jikin kara. Da ji ka ce adalci ne. To amma dubi waɗanda ke gaba: ɗan mai kanti, ɗiyan ma'aikacin dabbobi, jikan hakimi. Gidajensu akwai fitila, akwai mai leƙa musu littafi, da rana su koma su tarar da tuwo. Ba hassada nake musu ba, Allah ya ƙara. Mu kuwa rijiyarmu ka san zurfinta. Illo sai ya kora jaki an ja ruwan gida da na bisashe kafin ya kama hanya, don ba ni da abin ɗaukar wani. Yakan iso an riga an fara, da guntun fura a ciki, wani lokaci babu. Jarrabawar farko ya faɗi, aka kai shi baya. A baya ba ya jin Mushe, sai ya sake faɗuwa. Wanda ya fi bukatar malami shi aka fi nisantawa da malami. Ko a gona, shukar da ta yi rauni ita ake kai wa taki, ba wadda ta riga ta yi kai ba.

Na uku, garkar lakwal.

An kawo tsari cewa kowace lakwal ta yi garka, yara su koyi noman rani. Mun yi murna, mu muka ba da ƙaya aka yi shinge. Sai dai garka ruwa take sha, ruwa kuwa sai an ja. Wa za a aika? Ba za a tashi na gaba ba, kada su rasa darasi. Sai a leƙa baya a ce manyan nan su fito, tunda dama ba su gane komai. Kuma su ne suka iya guga, ɗiyan talakawa. Ranar da na leƙa, ban bar wurin ba sai da na ga an fitar da Illo da wasu, ana tsakiyar lissafi. A lakwal ma ba a kiransa Illo, Mai Guga ake ce masa, yana kuma amsawa.

Bara da ka zo rangadi, an kai ka garkar, ka yaba, aka sa maka kwandon tumatir da salati a mota. Muna tsaye muna tafi, har da ni. Ban faɗi wanga don in kunyata ka ba, ranka ya daɗe, na tabbata ba ka sani ba. Amma ruwan da ya raya tumatirin nan, da karatun ɗana aka ja shi.

Yanzu za a maido mini shi a ce ba shi da kai. Sa'o'insa da aka ɓoye a rumbu sun yi nisa a allon Alƙur'ani, sun san daji, sun san bisashe. Iyayensu na kallona, na san abin da ke bakinsu. In Illo ya dawo haka, shekara mai zuwa ko da dogari ba za ku sami yaro a garin nan ba, ni kuma ba ni da bakin da zan ce a kai.

Ga abin da nake roƙo.

A dakatar da korar Illo da 'yan uwansa na jikin kara, a ba su shekara guda a inda malami zai ga allonsu. In an yi haka bai gane ba, ni da kaina zan zo in ɗauke shi, in yi godiya.

A ƙaro mana malami, a raba ajin nan. Rumfa ba matsala ba ce, kara muna da shi, kwana biyu mun kafa. In malami bai samu ba bana, a riƙa juya zama, na baya su zo gaba, ko da mako-mako ne.

Ban ruwan garka ya zama na kowa, bi da bi, kuma bayan an tashi.

In kuma za ka sake zuwa, kada ka aiko. Ka bar mota nesa, ka zagayo ta bayan rumfa. Zan nuna maka kafar da na leƙa.

Allah ya ja zamaninka, ya sa ka gama da aikin nan lafiya, ya shirya maka naka ɗiyan, ya sa su a inda ido zai kai gare su.

Da na gama rubutu na kira Illo, na karanta masa duka, don magana tasa ce. Na ba shi alƙalami na ce ya sa sunansa ƙarƙashin nawa. Ya daɗe riƙe da shi, bai dube ni ba, sannan ya sunkuya. Zobban da za ka gani a ƙasa ba ɓarnar tawada ba ce, sa hannun ɗan lakwal ne mai shekara huɗu yana zuwa. Ina roƙonka ka dube su da kyau, don kai ne ma'aikacin lakwal na farko da zai gan su kusa.

Wassalam.

Naka mai biyayya,
Abdu ɗan Tanko, uban Illo.